Yadda Muka Gyara Babur ɗin Ishaku

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da tsoro, ba ku da aiki sai taɓa abin da ba naku ba. Abu na zaune lafiya yana aikinsa, ba wanda ya kawo ƙararsa, sai ku ɗauko sukurdireba ku ce za ku gyara. Kun ga wani ƙato a waya yana surutu da harshen da ko sallama ba ku iya da shi ba, shi ke nan kun zama usta, gwanin gyara. Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Amma tun da za a tambaye ni ranar hisabi, bari in faɗi gaskiya. Abin kunyar da aka yi a gidana a unguwarmu ta Alshajara, in an raba shi uku, yaro ya ɗauki kashi ɗaya, ni tsohuwa na ɗauki biyu.

Ni ce Hajja Hannatu. A kambo, zangon leburorin auduga, aka haife ni a yankin Jazira, karatuna bai wuce allo ba. Abu ɗaya aka san ni da shi a unguwa, riƙon amana. Duk mai tafiya ni yake bar wa mabuɗi, kuma shekara talatin ko allura ba ta ɓace a hannuna ba.

Maƙwabcina Ishaku da kifi yake ci da gidansa. Kullum da safe yakan je Jabal Awliya ya ɗauko daga masunta, ya kai wa matarsa Rahmatu ta soya a kasuwar Alsahafa. Babur ɗinsa ja ne, ƙanensa ya aiko masa daga Saudiyya. In babur ɗin nan ya tsaya, tukunyarsu ta tsaya. Da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a ƙauye, suka shirya tafiyar mako biyu, ya turo shi cikin gidana ya jingine ƙarƙashin rumfa.

"Inna, ga mabuɗi. Bayan kwana uku-uku a tayar da shi, kada batir ya mutu. Tayarwa kawai."

"Ni za ka maimaita wa magana? Je ka duba uwarka."

Ni ban san ta inda ake tayar da babur ba, don haka na kira jikana Zainul'abidin, mai ce mini Habboba, wato kaka. Shekararsa ashirin da shida, yana da takardar kwamfuta a firam, ba shi da aiki sai tattabaru da waya. Ya tayar, ya karkata kai yana saurare kamar likita.

"Habboba, babur ɗin nan ana zaluntarsa."

"Wa ke zaluntarsa?"

"Kamfani. Wannan ba irin na da ba ne, ba shi da kafireta. Ƙwaƙwalwa gare shi, ita ke umartar injekta ta fesa mai. Sun ɗaure ƙwaƙwalwar. In na kwance ta, kofin shayi ɗaya na man banzin zai kai Jabal ya dawo, kuma ko motar asibiti ba za ta kamo shi ba."

"Rufe bakinka, ba ni mabuɗi."

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari. Sai dai shekarar nan ce ake wuni a layin banzin, na sha ganin Ishaku ya dawo da la'asar rana ta gasa shi. Ga kuma Nana A'isha, maƙwabciyata ta bayan katanga, wadda muka shekara ashirin muna shan gahawarmu ta jabana tare ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ranar ta leƙo ta ce, "Hajja Hannatu, injiniyanki har yanzu tattabaru yake wa lacca?"

Maganar ta yi mini zafi. Bayan azahar na kira Zainu.

"Abin nan da ka ce, ka tabbata?"

"Wallahi, Habboba, na kalli bidiyon sau goma sha ɗaya. Ishaku zai dawo ya ga mamaki, ya gaya wa duk masu ɗaukar kifi. Nan gaba kaɗan mu buɗe warsha, garejin gyaranmu, a ƙofar gidan nan, a rubuta sunanki a allo."

Ban iya karanta boko ba, amma na ga allon nan a idona, shuɗi, daidai inda Nana za ta riƙa ganinsa in ta fito zubar da shara. Na kwance mabuɗin daga bakin tob ɗina, mayafin da muke naɗawa, na miƙa masa da hannuna.

Washegari ya kwashe tattabarunsa duka a keji, ya haye Omdurman, ya yi musanya da wani mutum a kasuwar Suƙ Libya. Ya dawo da leda. A ciki akwai injekta sabuwa wadda ya ce ta fi ta kamfani faɗin baki, da matatar iska ja kamar hular yara, da salansa mai ƙyalli, da wani baƙin akwati kamar na ashana mai maɓalli uku.

"Wannan fa?"

"Shi ke yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya. Ta tambaya iska nawa ta shigo, ya faɗa mata abin da muke so."

"A gidana za a yi ƙarya?"

"Ƙaryar ilimi ce, Habboba."

Na bar shi ya ci gaba. Ni da na taɓa yi wa yaro bulala saboda ya ce ya wanke hannu bai wanke ba.

Ya warwatsa cikin babur a kan tirena na baƙi, ya zuba kusoshi a kofunan jabana. Ya jingina waya a jikin randa, ƙaton nan na ciki yana magana, shi yana "aiwa, aiwa" kamar yana ji. Kwana biyu yana ɗaurawa. Ran na uku ya ce in matsa baya, ya danna.

Babur ya yi tari, ya yi gurnani, sai hayaƙi. Ba irin hayaƙin da na sani ba. Baƙi ƙirin, mai maiƙo, ya tashi ya haye katanga kamar an aike shi. A bayan katangar nan kuwa Nana ta shanya fararen tob guda uku na 'yarta malamar makaranta.

"Hajja Hannatu! Taya kuke ƙonawa?"

"Gwaji ake yi."

"Zo ki ga gwaji a jikin tob ɗin mutane! Gobe da me yarinya za ta shiga aji?"

"Ki ce ta sa mai launi. Fari ma saurin datti gare shi."

Zainu ya goge ido ya ce alama ce mai kyau, mai ne ya yi yawa, za a rage. Ya murɗa maɓalli ɗaya zuwa hagu har ƙarshe.

Da safe ya fitar da shi ƙofar gida. Wannan karon babu hayaƙi. Ya ja maƙura, ya saki, sai ji muka yi tau! tau! tau! Mata suka kwashi yara suka shige ɗaki. Mai kanti ya ja ƙofarsa ya kwanta a bayan buhun sukari. Jakin mai madara, da yake tsaye a bakin layi kamar kullum, ya zabura da gwangwanayensa, bai tsaya ba sai bakin titi, madara na bin sa a baya kamar an ja layi da alli. Mai madara ya zo yana huci.

"Ya Hajja, wannan jaki shekara tara bai taɓa gudu ba!"

"To ka gode, yau ka san yana iyawa."

Na ba shi amsa, amma na fara ƙirga kwanaki. Ranar Laraba ke nan, Ishaku kuwa ya aiko cewa Juma'a zai iso. Duk da haka da yamma, da mata suka taru wajen jabana Nana ta fara kwaikwayon tau-tau, bakina ya riga hankalina.

"Ku zo gidana ran Juma'a da hantsi. Jabana a kaina. Ku gani da idonku, kofin shayi ɗaya zai kai Jabal ya dawo."

"Kofin naki ko nawa? Naki ai ƙanana ne."

"Ki kawo naki."

Ran Alhamis Zainu ya sake kwance injekta don ya ga inda matsala take. A bakinta akwai wata 'yar roba zagayayya kamar zoben jariri, ita ke hana mai tsiyaya. Ya ajiye ta a gefen tire. Kazata mai wake-wake ta zo wucewa, ta duba da ido ɗaya, ta duba da ɗayan, ta haɗiye.

"Habboba! Kawo wuƙa!"

"Ka taɓa kazar nan in taɓa ka. Ita kaɗai ke mini ƙwai."

"To ya za a yi? Ta tsohuwar injektar ma na yage ta wajen cirewa."

"Abin da ya shiga ai zai fito."

Muka ɗaure ta a ƙafar angarib, gadonmu na igiya, muka shimfiɗa jarida. Ni Hajja Hannatu, da na je Makka na dawo, na wuni zaune a kan kujera 'yar tsugune da tsinke a hannu ina tona kashin kaza. Ta yi sau shida. Babu roba.

Da la'asar Zainu ya zo ya tsuguna gabana. Duk cika bakin ya zube.

"Habboba, na ji tsoro. Bari in mayar da kayan kamfani yadda suke, in je warshar Usta Al'amin in samo roba. In ya ga dama ya zo ya duba."

Yaron nan ya faɗi gaskiya, ku shaida. Sai dai Usta Al'amin ɗan wan Nana A'isha ne. In na bar shi ya je, kafin ya dawo gida labarin kaza zai zagaye Alshajara.

"Ba inda za ka. Kakanka Malam Adamu, Allah ya ji ƙansa, shekara ashirin yana bin lori tsakanin Madani da Kosti. In tanki ya huje, sabulu yake cuɗawa da dabino ya liƙe, kuma su kai har gida. Banzin ba ya cin sabulu."

"Habboba, wancan tanki ne, mai na kwance. Wannan famfo ne ke tura shi da ƙarfi."

"Banzin ɗin da da na yanzu ba ɗaya ba ne? Ka fi kakanka sani?"

Na daka sabulun wanki da dabino uku, na cuɗa da hannuna, na cusa a bakin injekta, na naɗe da ƙyalle, na ɗaure da zare. Na hana shi tayarwa don ya samu ya bushe. Aiki ya yi kyau, har na ja baya ina kallo.

Juma'a da hantsi gidana ya cika. Mata a kan angarib, wasu a tabarma, maza sun tsaya a bakin ƙofa wai wucewa suke. Har mai madara ya zo, amma ya ɗaure jakinsa a layi na uku. Zainu ya wanke babur ya goge, ya sa farar jallabiya. Da ya ga taro, tsoron jiya ya gudu, bakin ya dawo.

"Ya jama'a, abin da za ku gani yau ko a Dubai sai an yi layi. Injiniyoyin kamfani sun yi iya saninsu, ni na ɗora daga inda suka gaji."

Nana ta zagaya babur, ta riƙe haɓa.

"Kai! Ji ƙyalli! Kamar ango!"

Na jira. Ba ta ƙara komai ba.

"Nana, ki ce masha Allah."

"Na faɗa a zuci."

"Ki faɗa a fili."

"Yau kuma zuciyata za ki bincika?"

Na dubi taron nan, ido sama da arba'in a kan babur ɗaya, kuma na san aƙalla biyu daga ciki masu zafi ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san maganin ido. Na shiga ɗaki na ɗebo turaren taiman, na kwashi garwashi daga murhun jabana na cika kasko, na zuba. Hayaƙi ya tashi.

"Habboba, wuta nesa da babur!"

"Ni za ka koya wa turare? Da shi na turara ubanka ranar sunansa."

Na zagaya babur sau bakwai ina karanta Falaƙi da Nasi. Sannan na yi abin da ake wa mai jego, na tura kaskon ƙarƙashin cikinsa don hayaƙi ya shige ko'ina.

"Tayar yanzu, tun hayaƙin na ciki."

"Ki ɗauke kaskon tukuna."

"Zainul'abidin, a gaban mutane za ka yi mini gardama?"

Ya dubi mutane, ya dube ni. Ni ya fi tsoro. Ya sunkuya ya murɗa mabuɗi.

Na ji wani ɗan kuka zuuu a cikin tanki, ashe famfon ne. Sai sabuluna ya yi tsalle, ƙyalle da zare da dabino, ya tafi ya manne a goshin Nana. Bayansa banzin ya biyo, siriri kamar turaren fesawa, ya sauka a kan garwashi.

Bum!

Ban san tsofaffin unguwarmu na da gudu haka ba. Wata da ake kawo ta da sanda ta bar sandar ta riga kowa fita. Zainu ya yi baya ya tsoma kai cikin barmil, gangar ruwanmu. Ni kuwa na sungumi bokiti na watsa, wutar ta hau kan ruwan ta biyo ni har bakin ɗaki, ta lashi gefen tob ɗina. Kaza na ɗaure a ƙafar angarib tana ihu. Maza suka shigo da ƙasa a hannu da a hula. Nana, da dabino a goshi, ta ruga madafata ta ɗauko robar ƙullun kisra, wainarmu ta dawa, da na kwana biyu ina jira ya yi tsami, ta juye shi duka a kan injin.

Wuta ta mutu. Gida ya cika da ƙamshin kisra da ƙaurin roba. Sirdi ya narke, wayoyi sun zama kamar taliya, akwatin ƙarya ya koma gawayi. Zainu ya ɗago daga barmil, babu gira ko ɗaya.

A daidai nan aka yi sallama.

Ishaku ne, ya samu motar asuba. Buhu a kafaɗa, Rahmatu a bayansa. Ya tsaya. Ya dubi babur, ya dubi ƙullun da ke gasuwa a jikin salansa, ya dubi kaza. Ya sauke buhun a hankali a gabana.

"Inna, gyaɗa ce da kuɓewa busasshiya. Mahaifiyata ta samu sauƙi. Ta ce a gode miki da riƙon amana."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Aka kira Usta Al'amin, wanda na guje wa jiya. Ya zo da kayan aikinsa, ya ɓamɓare kisra daga jikin injin, ya ɗan gutsura ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ya tsuguna ya leƙa, ya lakato wani abu da yatsa ya sunsuna.

"Wannan akwatin da wannan injekta, na san aikin wa ne, ga shi can babu gira. Na babur da ya ninka wannan girma ne ma, ba nasa ba. Amma wa ya cusa sabulu a bakin injekta?"

Ya ɗaga yatsan ya nuna wa mutane.

"Har da ƙwallon dabino, ya jama'a."

Zainu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, ya usta."

Na dubi yaron nan. Na so in bar shi, wallahi na so. Amma ban taɓa barin ƙarya ta kwana a gidana ba sai a makon nan, kuma na ga inda ta kai ni.

"Ƙarya yake. Ni ce. Ni na ba da mabuɗi, ni na sa sabulu, ni na sa kasko."

Nana ta buɗe baki.

"Ke kuma ki goge goshinki."

Bayan sallar Juma'a dattawan unguwa suka zauna ƙarƙashin dalbejiyar masallaci. Usta ya ce ƙwaƙwalwar babur ta ƙone, sai an aiko da wata daga waje, shi ba zai sa rana ba. Ishaku ya ce shi ba ya ƙarar wadda ta girmi uwarsa, amma kifi ba ya jiran kowa, kuma in Rahmatu ta bar wurinta a kasuwa kwana uku wata za ta zauna. Aka yanke cewa Zainu ne zai zama babur. Kullum ya je Jabal a hafila, motar haya, ya ɗauko kwandon kifi ya kai Alsahafa, da rana kuma ya yi wa Usta wankin kayan inji har a gama gyara. Ni ba su yanke mini komai ba, kunya suka ji. Na aika musu cewa hukunci bai cika ba. Na sa tob na taka har gidan Ishaku, na tsaya a tsakar gida na ce ya yafe mini, kalmar da ko mijina Malam Adamu bai taɓa ji daga bakina ba. Na ce wa Rahmatu tun da kifi zai riƙa zuwa a makare, gyaransa a kaina.

Zainu ya sha wuya. Kwandastoci suka gane shi tun daga nesa, in sun hango kwando sai su ce mota ta cika. Wanda ya yarda ya ɗauke shi, a bakin ƙofa yake tsayar da shi, ƙafa ɗaya a waje. Kyanwoyin Alsahafa suka riƙa raka shi har gida. Girarsa ta hagu ta riga ta dama fitowa, ya yi wata guda kamar mai tambaya.

Ni kuwa, da ko a gidan aurena ba na taɓa ɗanyen kifi saboda ƙarni, kwana arba'in da uku na yi a kan kujera 'yar tsugune a bayan kaskon Rahmatu, da wuƙa a hannu, ƙudaje na yi mini fada. Rahmatun nan ni na yi mata wankan jego. Ran farko ta ɗaga wani kifi bulɗi da na gama, ta juya shi, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan da sauran ɓawo a wutsiya."

A duniya ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Na dube ta, ta dube ni, masu saye na jira.

Na miƙa hannu na karɓa, na sake kankarewa.